Tabon Jini a Sawun Baba

Sunan surukina ba ya fita daga bakina, ko a nan ma ba zan rubuta shi ba. Baba nake ce masa. Shi kuma tun ranar da ya ba ni ƴarsa ta fari, Habsu, bai taɓa kiran nawa ba. Isuhu aka raɗa mini, amma a wurinsa ni ɗan Urafan ne, don daga can mahaifina ya taso ya zo ya zauna a ƙauyenmu na kusa da Kanan-Bakashe. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi a hanya sai in ratse, in kuwa ta kama dole mu gaisa, in tuɓe takalmi in durƙusa, idona a ƙasa. Shekara bakwai ina gaishe shi haka, har na fi sanin ƙafafunsa da fuskarsa.

Ƙafafun nan kuwa sun yi suna a garinmu. Ranar shuka, in Baba ya shiga bayan mai sungumi yana zuba iri yana rufewa da ƙafar dama, samari biyu ba sa cim masa. Ba takalmi yake ratsa ƙarangiya. Wata rana a majalisar shayi ya taka garwashi, sai da aka ji ƙauri aka ce ya ɗaga, shi ko a jikinsa. Daga nan aka fara cewa yana da wani abin da ya sha. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma kowa ya ga maganar ta yi masa daɗi.

Shekarar da tsutsa ta cinye mana gero, ya aiko ta bakin uwar Habsu cewa zai koma Aljeriya biɗa, wato ci-rani, in ina so in bi shi, tunda shi ya san hanya. Habsu ba ta yi dogon zance ba. Ta ce in dawo mata da shi yadda na tafi da shi, na ce in Allah ya so.

Mu uku muka haɗa tafiya. Na ukunmu Bube ne, wani Bafillace daga wajen garin Sarkin Hausa da shanunsa suka ƙare, mutum mai baki, wanda ba ya jin kunyar kowa. Shi ya zame mana gada. In ina son in san ko Baba ya ci abinci, Bube nake tambaya. In Baba yana son in ɗauko masa buta, sai ya ce wa Bube, "Ce ma ɗan Urafan ya miƙo," alhali ina zaune a gefensu. Bube ya yi ta dariya yana cewa shi bai san da aikin tafinta ya baro gida ba.

Bayan mun wuce iyaka direban da ya ɗauko mu ya tsaya da hantsi a wani fili da babu ko tsinke, ya ce mu sauka, akwai masu sintiri a gaba. Ya nuna wani tudu ya ce gari na bayansa, kafin azahar mun isa. Ya juya motarsa ya tafi. Mun hau tudun nan muka tarar da wani tudun, muka hau shi ma muka tarar da wani. Yini da rabi muka yi muna tafiya, ban taɓa tsine wa mutum a raina kamar yadda na tsine wa direban nan ba.

Ruwan Baba ne ya fara ƙarewa. Dama shi mai shan ruwa ne, a ƴan shekarun nan bai rabuwa da moɗa, bai kuma rabuwa da zagawa. Na miƙa wa Bube bidon ruwana ya ba shi, kamar daga gare shi ya fito. Can wajen la'asar takalmin robar Baba ya tsinke. Ya cire duka biyun ya rataya a wuya, ya ci gaba da tafiya a kan tsakuwa mai zafi. Samarin da muka shigo mota ɗaya da su, waɗanda ƙafafunsu duk sun yi bororo suna ɗingishi, suka riƙa kallonsa suna jinjina. Ni ma raina ya yi fari, ina cewa a zuciya surukina ne wannan.

Ina bayansa, kamar yadda ya kamata, idona a ƙasa. Da muka shiga wani wuri mai farin rairayi sai na ga duk inda ya ɗaga ƙafar dama, akwai ɗan tabo a cikin sawun, daidai ƙasan babban yatsa. Bai fi ƙwayar wake ba. Na bi sawun nan ina dubawa, ko ɗaya bai rasa tabon ba. Na ja rigar Bube na nuna masa.

Bube ya sha gabansa ya ce, "Baba, tsaya. Ɗaga ƙahwar ga in gani."

Baba ya ɗaga, ya leƙa, ya yi dariya. "Wanga ɗan abu? Ƙahwar da ta gagari ƙayar aduwa, tsakuwar Larabawa ce za ta yi mata wani abu? Ni ko jin shi ban yi ba."

Ya ɗebi rairayi ya goge wurin, muka ci gaba. Na ji sanyi a raina. A tunanina abin da ba ya zafi ba ciwo ba ne.

A Tamanrasat muka yi wata biyu muna ɗaukar bulo a wani shantiye, wato wurin gini, muna kwana a cikin ginin da ba a gama ba. Garin ya koya mini abubuwa. Yara kan bi mu da jifa suna kiran wani suna da ban so na san ma'anarsa ba. Akwai kuma wani mai gashin burodi da ke ajiye mana kwantan jiya a cikin buhu, ya miƙo mana. Burodi da makaroni, makaroni da burodi, har na riƙa mafarkin fura. Baba shi shayinsa ya riƙe, kofi uku safe da yamma, sikari kamar zai tsaya da cokali. Aka ba mu takalman bot na roba don aiki. Tun da ya sa nasa ban ƙara ganin ƙafar nan a fili ba.

Wata safiya Bube ya fita sayo ganyen shayi bai dawo ba. Sai daga baya muka ji an kwashe baƙi a bakin kasuwa an zuba a mota an nufi iyaka da su. Ko jakarsa bai ɗauka ba. Na yi kukan rabuwa da shi, amma a lokacin ban gane girman abin da muka rasa ba. Daga ranar nan babu wanda zai ce wa Baba ya ɗaga ƙafa.

Tsoron kamu ya sa muka ƙara gaba, zuwa wani garin dabino da ke arewa, inda Baba ya taɓa aiki. Muka samu wuri a garkar dabinon wani tsohon Balarabe da kowa ke kira Shibani. Mutum ne mai ɗaure fuska, bai taɓa tambayar sunayenmu ba, da hannu yake nuna mana aiki. Aikin kuwa ban ruwa ne: a buɗe wannan hanya a toshe waccan, yini guda mutum na tsaye cikin taɓo. Ya ba mu ɗaki ɗaya a bakin garka. Abin da na fara yi shi ne na farke buhu na rataya a tsakiya, don kada in buɗe ido in ga surukina a kwance.

Sanyin can ba irin namu ba ne, har cikin ƙashi yake shiga. Baba ya samo wani tsohon kwano ya mai da shi kasko, yana zuba garwashi yana kara ƙafafunsa. Ta ƙasan buhu nake hango hasken, in ga kamar ya matsa da yawa, in buɗe baki in rufe. Wa ya aike ni in koya wa mahaifin matata jin wuta?

Sai wari ya fara. Da fari na ce ɓera ne ya mutu, na ɗaga tabarmi na share ko'ina. Daga baya na gane ba ɓera ba ne, don warin yana fita in Baba ya fita, yana dawowa in ya dawo. Na lura ya daina alwala a inda nake. Na lura yana wanke wasu tsummoki a bayan rijiya yana shanya su ƙarƙashin ganyen dabino, inda ido ba ya kai. Wani mutumin ƙasarmu mai yawo da jaka ya zo ya sayar masa da wani baƙin gari, ya rantse maganin gyambo ne daga Gabas aka kawo. Da na tsinci ƙunshin daga baya na shinshina, ba komai ba ne sai cikin batir. Duk wannan na gani da idona.

Ka san abin da na yi? Ranar Juma'a na shiga kasuwa na sayo turaren wuta. Na riƙa zubawa a kaskon safe da yamma, wai don kada ya ji kunyar cewa na ji. Har yau in na ji ƙamshin turaren nan sai in bar wurin. Shi yana ɓoye mini don kada ya zubar da girmansa a gaban mijin ƴarsa, ni ina ɓoye masa cewa na sani don kada in zubar masa da shi, ƙafa kuwa tana can cikin roba tana ci.

Ba wai ban gwada ba. Na kan shirya magana tun daga bakin rijiya, in jera ta tsaf, in zo in durƙusa.

"Baba, ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya ƙarhin jiki?"

"Lahiya lau, ɗan Urafan."

"To, madalla."

Sai in tashi. Iyakar abin da harshena ya iya ke nan. In mun kira gida kuma, Habsu ta tambaye ni jikin Baba, in ce mata sai godiya. Ya rame, ya fara salla a zaune, bot ɗin dama ya cika ya yi tam kamar an hura, ni ina ta godiya.

Ranar da abin ya fashe, da azahar ne. Na ga ruwa ya ɓalle ya cika fegin da ba nasa ba, na san Baba ba ya irin wannan sake. Na bi hanyar ruwan na tarar da shi kwance a gindin dabino, jikinsa zafi kamar tanda, yana kiran sunayen gonakinsa ɗaya bayan ɗaya. Na ja bot ɗin ya ƙi fita. Na zaro wuƙar yankan dabino na tsaga shi daga sama har ƙasa.

Ba zan faɗi duk abin da na gani ba. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin. Wurin da na sani kamar ƙwayar wake ya zama rami, bakin kofin shayi zai shiga. A diddige ga wani ƙunan da garwashi ya yi, shi ma ya ruɓe. Wannan ce ƙafar da na shekara bakwai ina gaisarwa. Na riƙe ta da hannuna biyu, karo na farko da na taɓa jikinsa, na fashe da kuka kamar yaro.

Kukan ne ya jawo Shibani. Ya duba sau ɗaya, ya toshe hanci da rawaninsa, ya juya da sauri. Na ɗauka korar mu zai yi. Sai ga shi da motarsa har cikin garka. Shi ya kama kafaɗu ni na kama ƙafafu. Da na ga gidan likita muka nufa, na riƙa ce masa ba mu da takardu, za a kama mu. Ya daka mini tsawa da Larabci, na yi shiru. A ƙofar likita shi ya shiga gaba, ya yi ta magana yana bugun ƙirjinsa, har aka kawo gado. Mutumin da bai san sunanmu ba ya yini a tsaye saboda mu.

Wata ma'aikaciya ce ta karɓe mu, babbar mace mai gilashi, tana jin Faransanci. Ni kuma ɗan abin da na tsinta a lakwal, makarantar boko, kafin a cire ni shi ya yi mana rana. Bayan an sa masa ruwa zazzaɓin ya sauka, ta soki yatsansa ta ɗiga jinin a wani ɗan abin awo, ta duba, ta girgiza kai. Ta ce ya rufe ido, ta riƙa taɓa ƙafar hagu, mai lafiyar, da bakin alƙalami, wai in ya ji ya ce. Ta taɓa yatsu, shiru. Ta taɓa tafin, shiru. Sai da ta kai idon sawu ya ce ya ji. Ta dafa bayan ƙafar dama tana neman bugun jini, ta daɗe, ba ta samu ba.

Ta ce mini ciwon sikari ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Shi ke sa yawan ƙishirwa da yawan fitsari. In ya daɗe ba magani sai ya kashe jin ƙafa, ya ƙuntata hanyoyin jini, sai mutum ya ji rauni bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa don jini ba ya isa wurin. Na tuna garwashin majalisar shayi, da yadda muka yi ta tafa masa. Ashe abin da muke yi wa kirari cuta ce.

Sai ta tambaye ni tun yaushe. Na ce wata biyar. Ta ce ni ɗansa ne? Na ce mijin ƴarsa. Ta ce a ina nake kwana? Na ce ɗaki ɗaya. Ta cire gilashinta ta dube ni, ta ce to ba ni da hanci ne? Na laluba duk Faransancina ina neman yadda zan gaya mata abin da ke tsakanin mutum da surukinsa, ban samu ba. Daga ƙarshe na ce, "C'est le respect, madame," wato girmamawa ce. Ta mai da gilashinta ta ci gaba da aikinta, da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari babban likita ya zo ya duba, ya ce sai an yanke, ƙasa da gwiwa, kuma kada a ɗau lokaci. Ya ce in gaya masa, sai ya yarda za a yi. Na durƙusa gefen gado, idona a ƙasa, na ce wai za su wanke wurin da kyau su sa magani.

Baba ya ce, "Ɗan Urafan, mutumin ga ya daɗe yana magana, kai ka hwaɗi guntuwa. Ɗago ka dube ni."

Na ɗago. Ranar na fara ganin fuskarsa sosai. Ashe idanun Habsu nasa ne, har ɗan tabon da ke cikin farin na hagu.

"Mi ya ce?"

"Ya ce sai an yanke ta, Baba."

"To, ka ce mashi na gode. Ka maishe ni gida. Yadda Allah ya halicce ni haka za a sa ni cikin ƙasa."

Kwana uku yana kan bakansa. Baƙin yana hawa, ina gani, don yanzu ni ke ɗaga mayafin. Na roƙe shi, Shibani ya zo da wani limami ya yi masa nasiha, ya ƙi. Ya ce manomin da ba ƙafa, me ya rage masa? A rana ta uku na fita waje na kira Habsu na gaya mata komai, har turaren. Ta ce in kai masa wayar.

Habsu ƴar fari ce. Tun tasowarta ba ta zama inda yake, ba ta taɓa yi masa magana mai tsawo ba, shi ma bai taɓa kiran sunanta ba. Na kara masa wayar a kunne, ina jin muryarta tana fitowa.

"Baba, ni ce. Yau ba ni jin kunya, ka gahwarce ni. Ni ban san ƙahwa ba, kai na sani. In ka bari ta tahi da kai, wurin wa za ni gaisuwa da sahe? Ka bari su yanke, ka dawo. Ko a tabarma kake, mu dai mu gan ka."

Hawaye ya gangaro ya shige kunnensa. Da na janye wayar ya ce, "Kira su." Amma kwana ukun nan sun ci nasu rabon. Da aka shiga da shi, sama da gwiwa aka yanke.

Da yamma ma'aikaciyar nan ta miƙo mini wani abu naɗe cikin farin ƙyalle, ta ce tun da mu Musulmi ne, ta san za mu so mu binne. Ban zaci ƙafa tana da nauyi haka ba. Shibani ya kai ni gefen maƙabartarsu, ya nuna mini wani lungu, ya ba ni shebur, ya koma nesa ya tsaya. Na haƙa, na sa ta, na mai da ƙasa. Da na gama sai na ga na ɗaga ƙafata zan danne wurin, yadda muke yi in an zuba iri. Na tsaya da ƙafa a sama. Na sauke ta, na durƙusa, na daddanne da tafin hannuna.

Da na koma Baba ya farfaɗo. Abin da ya fara tambaya shi ne ko na rufe ta da kyau, kada karnuka su tone. Na ce na rufe, na ɗora duwatsu. Ya ce Allah ya yi albarka. Bayan haka ya riƙa cewa babban yatsan yana yi masa ƙaiƙayi, ya kai hannu ya tarar da katifa. Ƙafar da tana nan ba ya jin ta, sai da ta tafi ta fara damunsa.

Wata guda muka ƙara kafin a sallame shi. Ma'aikaciyar ta koya mini wanke dungun da naɗe shi, ta koya mini duba ƙafar hagu: tafin, diddige, tsakanin yatsu, kullum, ko ya so ko bai so ba. Ta ce ba tafiya ba takalmi, ba kara ƙafa a wuta, ba sikari a shayi, magani kuma har iyakar rai. Shibani ya kawo sanduna biyu da buhun dabino. Ranar da za mu tafi ya nuna ni da yatsa ya tambayi sunana. Na faɗa masa, ya maimaita bai iya ba, muka rabu a haka.

Komowa ba ta da labari mai yawa. Cikin manyan motocin da ke mai da mutane gida muka samu wuri. Duk inda aka tsaya ni ke goya shi in kai shi bayan gari in dawo da shi. Tun yana rufe fuska da rawani har ya daina. Daga Tasawa muka shiga motar kasuwa, daga bakin hanya aka zo da amalanke aka ɗauke mu. Gari ya fito. Masu cewa ya sha wani abu suna nan a tsaye, kowa ya rasa inda zai sa idonsa.

Habsu ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta dubi inda zanen ya kwanta babu komai a ƙasansa, ta dube ni. Ba ta taɓa tuna mini abin da ta ce in yi ba, ko sau ɗaya. Ni ne ban manta ba.

Yanzu kullum da safe ina zuwa gidansa. In zauna a tabarmarsa, in ɗora ƙafar hagu a cinyata, in buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin gari sun yi ta magana, wai zamani ya lalace, suruki yana wasa da ƙafar surukinsa. Bube, da ya zo gaisuwa, ya ce shi an kore shi daga aikin tafinta ke nan. Ban kula kowa ba. In na ga wani dattijo yana alfahari ƙaya ba ta kama shi, sai in ce ya je likita a auna jininsa, ko ya ji haushi.

Da ruwan shuka ya sauka, Baba ya ce a kai shi gona. Aka ɗora shi a amalanke. Mai sungumi ya shiga gaba yana sara. Baba ya ce a ba shi ƙwaryar iri, a rataya masa a wuya. Ya dogara sandunansa ya kai ramin farko, ya saki ƙwayoyin gero suka faɗa daidai, hannun bai manta ba. Sai ya tsaya. Na ga dungun ya motsa a cikin wando, yana neman ƙasa. Ƙafa ɗayar da ta rage ita ke riƙe da shi, ba ta da halin rufe komai. Ya daɗe yana kallon ramin nan a buɗe.

Bai waiwayo ba ya ce, "Isuhu, taho ka ruhe."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Na zo na rufe da ƙafata. Ya matsa rami na gaba ya zuba, na rufe. Haka muka bi layin nan, shi a gaba ni a baya, idona a ƙasa kamar yadda na saba. Ƙasar ta jiƙe, komai yana fitowa a kanta. Ina ganin ramukan sanduna biyu, da sawun hagu a tsakaninsu, gefen dama kuwa babu komai. A nan ne tabon yake a da, wanda bai fi ƙwayar wake ba, kuma ni ne nake bayansa ina gani.